Araha Ba Ta Ado: Haɗarin Aika Kaya Waje Ba Lambar Bin Sawu

Tun daga lokacin da wayar hannu mai intanet ta yawaita a hannun jama'a, ciniki ya sami wata sabuwar ƙofa wadda iyaye da kakanni ba su san ta ba. A yau saurayi ko matar aure a Basirka, cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram, ko kuwa a Birnin Kudu, suna iya ɗaukar hoton hula ko takalmin fata ko turaren wuta su sa a WhatsApp ko Facebook ko Instagram, kafin gari ya waye wani Bahaushe mazaunin Jidda ko Landan ko Akara ya gani ya taya. A yi ciniki a sallama cikin ɗan lokaci, kuɗi su faɗo asusun banki, ba wanda ya ga wani.

Amma fa hoto ne kaɗai ke bin iska. Su kayan tilas ne su hau mota su hau jirgin sama, su ratsa ta hannun ma'aikatan kwastan na ƙasashe biyu, sa'an nan su isa ƙofar gidan da mai sayarwa bai taɓa gani ba. Kuɗin wannan tafiya sau da yawa yakan kai kuɗin kayan kansu, wani lokaci ma ya fi, musamman tun daga watan Yuni na 2023 da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Domin haka ƙaramin ɗan kasuwa yakan nemi hanyar da ta fi araha, ita kuwa hanyar da ta fi araha galibi ita ce wadda ba ta da lambar bin sawu, watau lambar da za a duba a san inda kaya suke da kuma ko sun isa. A nan ne asarar da yawancin masu wannan ciniki suke yi take ɓuya.

Hanyoyin Da Ake Bi

Hanyoyin araha iri uku ne. Ta farko ita ce ƙaramin ƙunshi na gidan waya, wanda bisa ƙa'idar duniya nauyinsa bai wuce kilo 2 ba, ana auna shi a biya kuɗin kan sarki, ya tafi tare da sauran wasiƙu. Ta biyu ita ce ta masu kargo, waɗanda ke tara kayan mutane da yawa a Kano ko Legas, su yi musu kuɗi bisa kilo, su aika da su dunƙule ɗaya zuwa ga wani wakilinsu a can ƙasar, shi kuma ya rarraba. A cikinsu akwai masu ofis da lasisi da rasit, akwai kuma waɗanda ba su da kome sai lambar waya. Ta uku ita ce daɗaɗɗiyar hanyar nan ta sallahu, a nemi mai tafiya Umra ko ɗalibi mai komawa makaranta a ce ya taimaka ya riƙa.

Kowace daga cikinsu tana isar da kaya a mafi yawan lokuta, shi ya sa ake komawa gare su. Abin da ya haɗa su shi ne ranar da kaya suka ƙi isa, mai aikawa ba shi da abin da zai nuna.

Amanar Tasha Tana Da Iyaka

Mutumin Basirka ya saba da aika kaya ba takarda, kuma yana da hujjarsa. Idan ya kai buhu tasha ya damƙa wa direban da zai tafi Birnin Kudu ko Kano, ya san direban, ya san motarsa, ya san ɗan kamashon da aka yi a gabansa, ƙungiyar direbobi kuma tana nan idan an sami saɓani. Ko ruwa ya yanke hanya, kamar yadda ya faru a Radabi tsakanin Gwaram da Basirka a daminar 2021, mai kaya yana iya buga wa direba waya ya ji inda aka tsaya. Sanayya ita ce rasit ɗinsa.

Haka ma abin yake a zamanin fatake. Fatun Kano da suka riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka yi ta kiransu fatun Maroko, da goron da ake ɗaukowa daga Gwanja, duk ba a sake su haka nan kawai ba. Akwai madugu da ke da alhakin ayari, akwai fatoma a kowane zango wanda ya san baƙonsa da kayansa, manyan attajirai kuma sukan haɗa kaya da wasiƙa mai bayyana adadinsu zuwa ga wakilinsu a Gadamas ko Tarabulus. Kowane hannu da kaya suka shiga, akwai wanda za a tambaya.

Wannan sanayya ita ce ke ƙarewa a bakin filin jirgin sama. Ƙunshin da ya bar Jihar Jigawa zuwa Ingila zai bi ta hannun mutane masu yawa waɗanda ba su san mai shi ba, shi ma bai san su ba: masu tantancewa a cibiyar wasiƙun ƙasashen waje, yawanci a Legas, da ma'aikatan kamfanin jirgi, da na wata ƙasar da aka ya da zango, da kwastan, da gidan wayar can, da mai rabawa gida gida. Abin da ke maye gurbin madugu da fatoma a wannan doguwar tafiya shi ne lambar bin sawu.

Ma'anar Lambar

Gidajen waya na duniya suna aiki ne a ƙarƙashin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Ban na ƙasar Suwizalan a 1874, Nijeriya kuwa ta shiga cikinta a 1961. Hukumar Gidan Waya ta Nijeriya, watau NIPOST, wadda ta samu a 1985 bayan an raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tangaraho, ita ce wakiliyar ƙasar nan a ƙungiyar.

Bisa tsarin ƙungiyar, lambar ƙunshi tana da gurabe 13: haruffa biyu a farko, alƙaluma tara a tsakiya, da haruffa biyu a ƙarshe masu nuna ƙasar da aka aiko shi, NG ga Nijeriya, CN ga Sin. Harafin farko shi ne abin lura, domin shi ke faɗin irin aikin da aka biya wa kuɗi. Idan E ne, to saƙon gaggawa ne na EMS. Idan C ne, babban ƙunshi ne. R na nufin rajista, L kuwa ƙaramin ƙunshi ne mai bin sawu. Amma lambar da ta fara da U, ko da yake tana ɗauke da zanen layukan nan da na'ura ke karantawa, an liƙa ta ne domin bayanin kwastan, ba a yi wa mai ita alkawarin bin sawu ba. Mutane da yawa sukan ga lamba a jikin ƙunshi su saki jiki, alhali kuwa ba kowace lamba ce ke magana ba.

Ƙunshi mai bin sawu ana haska shi da na'ura a inda aka karɓe shi, da inda ya bar ƙasa, da inda ya sauka, da ranar da aka miƙa shi. Wanda ba shi da wannan kuwa, da zarar an jefa shi cikin buhun wasiƙu, ba ma'aikacin da zai iya faɗin inda yake, ko da yana son taimakawa.

Wa Ke Ɗaukar Asara?

Dokar ƙungiyar a fili take a kan wannan. Gidan waya ba ya biyan diyyar saƙon da aka aika haka nan ba rajista ba inshora, ko ya ɓata ko ya lalace. Saƙo mai rajista ana biyan diyyarsa har zuwa SDR 30, wato wani ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kimanin dala 40 ke nan. Amma daga farkon 2026 an taƙaita rajista ta ƙasa da ƙasa ga takardu kawai, ban da haja. Babban ƙunshi kuwa diyyarsa ba ta wuce SDR 40 da ƙarin SDR 4.5 a kan kowane kilo. Mai ƙorafi yana da wata shida daga ranar aikawa ya shigar da kukansa, da rasit a hannu. Daga nan za a gane cewa bin sawu daban, inshora daban. Lamba tana nuna inda kaya suka tsaya, amma mai kaya masu tsada sai ya bayyana darajarsu ya biya kuɗin inshora kafin ya sa ran a mayar masa da cikakken kuɗinsa.

Ga wanda ke sayarwa ta manyan kasuwannin intanet, al'amarin ya fi haka tsanani. Kamfanin PayPal, alal misali, yana ba mai saye kwana 180 ya kai ƙara cewa kaya ba su iso shi ba, kuma abin da ake nema daga mai sayarwa shi ne shaidar isarwa wadda za a iya dubawa a intanet. Haka nan eBay da bankunan da ke ba da katin biyan kuɗi. Idan babu wannan shaida, sai a cire kuɗin daga asusun mai sayarwa a mayar wa mai saye, ko da kayan suna cikin ɗakinsa. Akwai 'yan damfara da suka mai da wannan sana'a, suna neman masu aikawa ba lamba, su karɓi kaya su ce ba su gani ba.

Yawancin masu ciniki a garuruwan kudancin Jigawa ba ta waɗannan kamfanoni ake biyansu ba, ta banki ne kai tsaye, ko ta hannun wani ɗan'uwan mai saye da ke gida. Wannan bai kuɓutar da su ba. Idan mako shida ya wuce kaya ba su isa ba, mai saye zai zaci ba a aika ba, mai sayarwa kuma zai zaci an karɓa ana ɓoyewa, kuma babu na ukun da zai raba gardama. Ƙarshenta ko dai a mayar da kuɗi, ko a sake aika wasu kayan, ko kuwa a wayi gari a ga hoton mai sayarwa yana yawo a zaurukan WhatsApp an ce macuci ne. Hausawan da ke zaune a wata ƙasa galibi sun san juna, magana ɗaya takan rufe wa mutum kasuwar gari guda.

Dokoki Sun Sauya

A da ƙaramin ƙunshi yakan wuce kwastan ba wanda ya kula shi. Wannan zamani ya shuɗe. Tun daga farkon 2021 ake bukatar a aika bayanin abin da ke cikin ƙunshi ta na'ura tun kafin ya tashi, da sunan mai aikawa da na mai karɓa da darajar kayan. Takardar kwastan da ake kira CN22 ita ake cikewa ga kayan da ba su wuce SDR 300 ba, CN23 kuwa ga waɗanda suka haura. Ƙunshin da bayaninsa bai cika ba ana iya tsare shi ko a mayar da shi. A ranar 1 ga Yuli 2021 Tarayyar Turai ta soke rangwamen harajin da take yi wa kayan da ba su kai Yuro 22 ba, saboda haka ko hula ɗaya ce ana iya neman haraji a kanta.

Babban sauyi ya zo daga Amurka. A ranar 29 ga Agusta 2025 ƙasar ta janye sassaucin da ya bar kayan da ba su wuce dala 800 ba su shiga ba haraji. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta ba da labarin cewa saƙonnin da ke zuwa Amurka sun ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a lokacin, gidajen waya 88 kuma suka dakatar da aikawa can, ko dai gaba ɗaya ko wani sashe. NIPOST a nata ɓangaren ta sanar da cewa kowane ƙunshi mai zuwa Amurka, ban da wasiƙu da takardu, sai an biya masa dala 80 ko kwatankwacinta a Naira tun daga nan gida. Irin waɗannan ƙa'idodi suna sauyawa cikin ɗan lokaci, wajibi ne mai aikawa ya tambaya a ranar da zai aika.

Abin lura a nan shi ne, ƙunshin da kwastan suka riƙe ba ɓata ya yi ba. Yana nan a ajiye ana jiran mai shi ya biya haraji ko ya kawo bayani, kuma akwai wa'adi. Mai lamba zai gani a wayarsa cewa an tsare kaya, ya sanar da mai saye ya je ya fanso su. Marar lamba kuwa zai yi ta jira har wa'adi ya cika a dawo da kayan ko a lalata su, bai sani ba.

Haka nan idan hanya ta rufe. Wasiƙu da ƙananan ƙunsa a cikin jiragen fasinja suke tafiya. Da aka rufe filayen jiragen saman Nijeriya ga jiragen ƙasashen waje daga 23 ga Maris zuwa 5 ga Satumba 2020 saboda annobar korona, saƙonni sun yi ta jibgewa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya rufe filin jirgin Hartum, iyakar Nijeriya da Nijar kuma ta kasance a rufe daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. A irin wannan hali, wanda ya san inda kayansa suka maƙale yana da abin da zai faɗa wa abokin cinikinsa.

Kayan Da Ba Su Wucewa

Wani abin da masu neman araha ba su cika tambaya ba shi ne ko an yarda kayan su shiga ƙasar. Kilishi da dambun nama suna cikin abubuwan da 'yan'uwa mazauna waje suka fi marmari, amma Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka duk sun hana shigo da nama ta irin wannan hanya saboda tsoron cututtukan dabbobi, in an gani ƙwacewa ake yi. Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Zoɓo da riɗi, waɗanda Jihar Jigawa ta yi suna da nomansu, da kuka da sauran kayan tsiro, suna bukatar takardar shaidar lafiya daga hukumar killace kayan gona ta ƙasa, sarrafaffen abinci kuma yana bukatar ta NAFDAC. Turaren ruwa mai sinadarin da ke kama wuta, da batirin waya, suna cikin kayan haɗari da ba a yarda a cusa su cikin saƙon jirgin sama haka nan ba.

Ofishin da ya san aikinsa zai buɗe kaya ya duba ya ce wannan ba ya tafiya. Wanda ke neman cika kilo kawai zai karɓa ya rubuta "kyauta" ko "tufafi" a takarda. Idan aka kama, sunan mai aikawa ne a jiki, ƙarya a takardar kwastan kuwa laifi ce, tana kuma soke duk wata diyya.

Sallahu ma ya daina zama abu mai sauƙi. A watan Disamba na 2018 aka tsare wata ɗaliba daga Kano a Saudiyya bayan an sami ƙwayoyin tiramadol a wata jaka da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin saman Malam Aminu Kano ba da saninta ba, ba a sake ta ba sai a ƙarshen Afrilu na 2019 bayan bincike ya wanke ta. Tun daga nan matafiya da yawa suka daina karɓar ƙullin da ba su ga cikinsa ba, kuma ba za a ga laifinsu ba. Wanda ya karɓa ɗin ma taimako ya yi, in kaya suka salwanta ba a yi masa tilas ya biya.

Lissafin Da Ya Kamata A Yi

A ɗauka, alal misali, mai sayar da huluna yana aika ƙunshi goma, kowanne na Naira 60,000, ribarsa a kowanne Naira 10,000. Idan hanyar araha ta rage masa Naira 5,000 a kan kowane ƙunshi, ya tsira da Naira 50,000 ke nan. Amma ƙunshi ɗaya tak ya ɓata ya mayar da kuɗin mai shi, ragowar duk ta tafi har da ƙari, ban da kuɗin aikawar da ya riga ya biya, ban da abokin cinikin da ya rasa. Garin neman gira an rasa ido.

Wannan ba ya nufin kowane ƙaramin abu sai an kai shi DHL. Abin da darajarsa ba ta taka kara ta karya ba, wanda mai shi zai iya sake aikawa ba tare da jarinsa ya girgiza ba, ana iya aika shi ta hanya mai sauƙi, muddin an gaya wa mai saye gaskiya tun farko kuma ya amince a rubuce. Abin da ya wuce haka, kuɗin bin sawu ya shiga cikin farashi, a faɗa wa mai saye dalili. Mutumin da ke zaune a Turai ko Saudiyya ya saba da duba lamba a wayarsa, ba zai yi mamaki ba.

Kafin a rufe ƙunshi a ɗauki hotonsa da na kayan da ke ciki, da na ma'auni, da na rasit. A rubuta adireshi cikakke da lambar yanki da lambar wayar mai karɓa, kamar yadda shi ya turo, ba yadda aka ji a baki ba. A rubuta ainihin abin da ke ciki da ainihin kuɗinsa. A duba lambar a intanet bayan kwana biyu ko uku a tabbata ta fara motsi, a kuma tura wa mai saye ita. Mai aikawa ta hannun kargo ya tambayi lasisinsu, domin NIPOST ce ke ba kamfanonin aika saƙo lasisi, ya nemi rasit mai ɗauke da nauyi da daraja, ya kuma ji tun farko abin da za a biya shi in kaya sun ɓata. Masu ciniki na gari ɗaya suna iya haɗa kayansu su aika ta hanya mai inganci su raba kuɗin, kamar yadda manoma ke haɗa kuɗin mota ranar kasuwa.

Hukuma ma tana da nata aikin. Hukumar Bunƙasa Fitar da Kaya ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1976, da NIPOST da ma'aikatar ciniki ta jiha, ya kamata su kai wannan bayani cikin harshen Hausa har garuruwa irin su Basirka da Sara da Gwaram, maimakon tsayawa a Dutse da Kano. Ɗaliban manyan makarantu da ma'aikatan da ke ɗan taɓa wannan ciniki bayan tashi daga ofis su ne suka fi iya karanta waɗannan ƙa'idodi, su ne kuma ya dace su fahimtar da iyayensu da maƙwabtansu masu ɗinki da dukanci da haɗa turare. Sana'ar hannun mutanen ƙasar nan tana da masu so a waje, abin da ya rage shi ne duk ƙunshin da ya fita ya tafi da shaidar da mai shi zai iya dogara da ita.